Ƙosan Gida da Ƙosan Saye: Tarihin Ƙullun Wake Har Zuwa Kasuwar Kure

A cikin 'yan shekarun nan wani abinci na mutanen Sham da Masar, wanda ake kira hummus, ya fara samun shiga a wasu gidaje na biranenmu, har ya zamana wadda ta ɗanɗana shi a Makka lokacin aikin Hajji ko Umra, ko kuwa a wurin cin abinci na Kwarori a Kano ko Abuja, takan dawo tana neman yadda za ta haɗa shi da hannunta, domin na sayarwa yana da tsada, kuma ba ko'ina ake samunsa ba. Haɗinsa ba shi da wuya: ana jiƙa wani irin wake na ƙasashen Gabas mai siffar gurjiya, wanda Larabawa ke kira himmas, a dafa shi har ya yi luguf, a niƙe shi da niƙaƙƙen riɗi da ruwan lemun tsami da tafarnuwa da gishiri, sa'an nan a kwarara man zaitun a bisa, a ci da gurasa. Da yake himmas ba ya cikin amfanin gonarmu, sai an kawo shi daga waje, uwargida mai dabara a Minna tana iya musanya shi da farin wake, ta sayo riɗi da tafarnuwa a Kasuwar Kure, ta fitar da abin da ba zai ba ta kunya ba. Wannan ne ya sa na ga ya kamata a waiwayi tarihin niƙaƙƙen wake a wurinmu, domin tambayar da ake yi yau, watau a yi a gida ko a saya, kakanninmu sun daɗe da amsa ta a kan ƙosai da alale, kuma amsarsu tana da hikimar da ba kowa ya lura da ita ba.

Malamanmu na zaure sun san sunan himmas ɗaruruwan shekaru kafin idonsu ya gan shi. Duk ɗalibin da ya karanta babin zakka a Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, ko ya kai ga Muhtasar na Halilu da sharhohinsa, ya ji cewa a mazhabar Imamu Malik akwai wani jinsin amfanin gona da ake kira ƙaɗani, wanda ya tara himmas da ful da adas da lubiya da 'yan'uwansu, kuma ana haɗa su duka wuri guda wajen lissafin nisabi, in sun kai wusuƙi 5, watau sa'i 300, a fitar da ushiri idan ruwan sama ne ya shayar da su. Malami a Zariya ko Katsina in ya zo kan lubiya sai ya fassara wa ɗalibansa da wake, su gyaɗa kai domin ga shi nan a rumbu. Sauran kuwa sai a wuce su da cewa hatsin Larabawa ne. Ashe ke nan tun a littafi fuƙaha'u sun ajiye wakenmu da waken Sham a aji ɗaya. Littattafan girki da aka rubuta a Alƙahira a ƙarni na 13 da na 14 na Miladiyya sun ambaci dagargajajjen himmas da ake haɗawa da kayan tsami da na ƙamshi, amma Larabawan Tarabulus da Gadamas da suka zauna a Kano, waɗanda ake jingina musu kawo gurasa da alkaki, ba su bar mana shi ba, saboda alkama tana yi a fadamunmu da sanyin hunturu, shi kuwa himmas bai samu manoma a nan ba.

Shi wake namu ne na asali. Masu binciken kufai sun tono ƙwayoyinsa a Kintampo ta ƙasar Gana waɗanda suka haura shekara 3,500, kuma har yau babu ƙasar da ta kai Nijeriya noma shi a duniya, Jamhuriyar Nijar tana biye da ita. Bayin da aka kwashe daga gaɓar tekunmu sun tafi da sanin soya ƙullunsa har Bahiya ta ƙasar Barazil, inda mata ke soya shi da manja a bakin titi zuwa yau, fataken Hausawa kuma sun kai koko da ƙosai zangunan Kumasi da Ankara na ƙasar Gana, har ya zama karin kumallon mutanen can.

To, amma kafin zuwan inji, yin ƙosai aiki ne mai cin rai, kuma sai an fahimci wahalarsa sa'an nan za a gane dalilin da ya sa saye ya rigayi yi a gida zama al'ada. Mace za ta tsince wake ta fitar da tsakuwa da wanda ƙwaro ya huda, ta yayyafa masa ruwa, ta zuba a turmi ta surfa a hankali yadda ɓawon zai saki ba tare da ƙwayar ta farfashe ta zama gari ba, ta kai shi ƙwarya ta yi ta wankewa tana tsiyaye dusa da hancin waken har ya fito fari tas, ta bar shi ya jiƙu. Daga nan sai ta durƙusa gaban dutsen niƙa, tana zuba shi kaɗan kaɗan tare da albasa da barkono, tana turawa tana jawowa, ƙugu da kafaɗu suna aiki, har ƙullun ya yi laushin da in an murza shi tsakanin yatsu ba za a ji tsaki ba. Bayan wannan duka akwai bugu, wanda shi ne sirrin sana'ar, domin ƙosai ba a sa masa yisti, iskar da aka shigar masa da muciya ko ludayi ita ce ke tashinsa a cikin mai. In an yi ƙyuiyar bugu ya fito da nauyi ya cushe, in ruwa ya yi yawa ya watse a kasko ya sha mai. Shi man kuwa, na gyaɗa ne wanda wata macen ta soya gyaɗarsa ta niƙa ta murza ta matse, kuma ƙosai yana son mai mai zurfi da zai yi iyo a ciki, ga itace ga lokaci. Wace mace ce za ta ɗauki wannan ɗawainiya kowace asuba saboda ƙwaya ashirin da mutanen gidanta za su ci da koko? Wahalar niƙa rabin mudu da hura wuta da zuba mai ba ta ragu da yawa a kan ta mudu uku ba, saboda haka hankali ya hukunta mace ɗaya ta yi wa unguwa, sauran su saya, ita kuma ta sayi fura a wurin wannan, ta sayi ƙuliƙuli a wurin waccan.

Haka tsarin cin abinci ya kasance a yawancin garuruwan Hausa: tuwon dare shi ne wajibin da ake girkawa a kowane gida da hatsin maigida, amma kalaci da abin rana sau da yawa da kuɗi ake sayensu, koko da ƙosai da safe, fura ko ɗanwake ko alale in rana ta take. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, wannan abincin saye ba daga wata masana'anta ya fito ba, kuma galibi ba a rumfar kasuwa aka yi shi ba. A tsakar gidan maƙwabta aka soya shi, matar aure ce ta yi shi a cikin kulle, 'yarta ko ƙanwarta ta ɗauka a faranti ta zaga da shi lungu lungu. Wanda ya sayi ƙosai a wancan zamani ya san turmin da aka surfa waken, ya san rijiyar da aka ɗebo ruwan, ya san ko mai yin tana da tsafta ko ƙazama ce, domin matarsa tana shiga gidan barka da ta'aziyya.

Shari'a ma ta ba wannan tsari gindin zama. A fiƙihun Malikiyya ciyarwa da tufatarwa da wurin kwana suna kan miji, dukiyar mace kuwa tata ce, ba ta zama ta miji saboda aure. Kuma malamai sun bambanta tsakanin hidimar cikin gida, kamar kwaɓa gari da shara da shimfiɗa, wadda takan hau kan mace gwargwadon al'ada da halin mijinta, da ayyukan neman kuɗi kamar kaɗi da saƙa, waɗanda ba a tilasta mata ta yi masa su. A kan wannan ne aka wayi gari maigida yana miƙa wa matarsa kuɗi ya sayi ƙosan da ta soya na sayarwa a cikin gidansa, ba wanda ya ga abin mamaki a ciki, ita kuma tana iya sayen wake daga rumbunsa da farashin kasuwa. Da wannan riba take zubin adashi, take yin biki da gudummawa ga ƙawaye, take tara wa 'yarta kwanoni da tasoshi na kayan ɗaki. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta a lardin Zazzau aka buga a 1954, ta yi bayanin irin waɗannan sana'o'i na mata da yadda 'yan mata ke talla. Polly Hill kuma, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta buga maƙala a 1969 tana nuna cewa cinikin da mata ke yi daga cikin gidaje, wanda baƙo ba ya gani, kasuwa ce cikakkiya mai farashi da gasa. Abin da ya zama sabon ilmi ga masanan Turai, kowace yarinya mai faranti a ka ta san shi.

Mutanen Gabas ma ba su saɓa wa wannan hanya ba. A tsohuwar Alƙahira masu sayar da ful sukan binne manyan tukwanensu a cikin tokar wutar da ake dafa ruwan gidajen wanka na jama'a, waken ya kwana yana nuna a hankali, da safe mutane su zo su saya. A biranen Sham kuma akwai masu shagon da sana'arsu ke nan, dafa himmas da niƙa shi, ana aiken yaro da kwano ya karɓo na karin kumallo. Duk abincin da ke son doguwar jiƙa da doguwar wuta da niƙa, jama'a sukan sallama shi ga mutum ɗaya ya yi wa kowa.

Minna ta shigo cikin wannan tarihi ta hanyar dogo. Asalinta mazaunin Gbagyi ne, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, manoman doya da dawa da ke zaune a kan dutsen Paida da kewayensa. Sa'ad da Turawa suka fara shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Baro a bakin Kwara a 1907, ta ratsa ta nan ta isa Kano a 1911, sa'an nan aka haɗa ta da layin Ikko wanda ya biyo ta Jebba da Zungeru, sai wurin ya zama mahaɗa, leburori da 'yan kwangila da masu gyaran jirgi da fatake suka taru a gindin dutsen, Hausawa da Nufawa da Yarabawa da Ibo, akasarinsu maza ne da suka baro iyalinsu a gida. Namijin da ba shi da mata a kusa ba shi da turmi balle dutsen niƙa, dole cikinsa ya dogara ga saye. Saboda haka a irin waɗannan garuruwa na tasha ne kaskon ƙosai ya fito daga tsakar gida ya zauna a bakin hanya, inda zawarawa da tsofaffi da matan ƙabilun da ba su yin kulle suke soyawa a gaban mai saye. Nufawa kuwa sun zo da tsohuwar al'adarsu ta cinikin mata, wadda S. F. Nadel ya bayyana a littafinsa kan Bida da aka buga a 1942, har da kasuwar dare. Da aka ƙirƙiro Jihar Neja a 1976 a zamanin Janar Murtala Muhammad, Minna ta zama babban birninta, sai ga ma'aikatan gwamnati da ɗalibai sun ƙaru a Bosso da Tunga da Chanchaga, masu fita da sassafe, waɗanda ba su da lokacin surfe.

Babban juyin da ya auku a wannan sha'ani shi ne zuwan injin niƙa da na markaɗe, wanda ya bazu a birane sa'an nan ya kai ƙauyuka. Ni a ganina babu wata na'ura da ta sauƙaƙa wa matan ƙasar nan rayuwa kamarsa, kuma duk mai kukan ɓacewar waƙoƙin da mata ke rerawa a bakin dutsen niƙa, ya kamata ya tuna da bayan da ya ranƙwafe da tafin hannun da ya yi kanta kafin a samu waƙar. Aikin da yakan cinye sa'o'i ya koma na 'yan mintoci, yaro ya kai bokiti ya dawo da ƙullu. Daga nan ne yin ƙosai da alale a gida ya zama abin da kowace uwargida za ta iya in ta so, kuma ba a ganin haka sosai kamar a watan Ramadan, lokacin da kusan kowane gida ke son kunu da ƙosai mai zafi na buɗa baki, har da na miƙa wa maƙwabta da masallaci sadaka, bokitai su yi layi gaban mai inji tun daga azahar. Sai dai a lura, niƙan da dā ake yi a cikin gida shi ne yanzu ya koma na biya a waje. Wadda ta ce ta yi ƙosanta da kanta, a haƙiƙa ta sayi wake, ta sayi mai, ta sayi markaɗe, abin da ya rage a hannunta shi ne wanki da bugu da suya. Injin ma yana da nasa aibi, domin yakan ɗumama ƙullu, in layi ya yi tsawo da zafin rana ya fara tsami, kuma wanda bai wanke injinsa ba yakan haɗa wa mutum da ragowar markaɗen wani. Ga kuma abin baƙin ciki, jihar da ke da madatsar Kainji wadda aka kammala a 1968 da ta Shiroro wadda aka kammala a 1990, masu injinta da yawa da fetur ko gas suke aiki saboda rashin tabbas na lantarki, shi ya sa da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023 kuɗin markaɗe ya tashi tare da kuɗin mota.

Kasuwar Kure, wadda ke ɗauke da sunan Injiniya Abdulƙadir Abdullahi Kure, gwamnan jihar daga 1999 zuwa 2007, Allah ya jiƙansa, ita ce babbar kasuwar garin tun da aka tashi 'yan tsohuwar kasuwar tsakiyar gari aka mai da su can. A sashen masu hatsi ne mai yi a gida da mai yi don sayarwa suke haɗuwa gaban buhu ɗaya, wannan tana awon mudu, waccan tana cinikin kwano goma ko rabin buhu, ga fari ga ja, kowace tana ɗiba ta duba ko akwai huda ko garin ƙwaro. Mai sana'a ta fi samun rahusa domin tana saye da yawa kuma dillali ya san ta, wani lokaci har ya ba ta bashi ta biya bayan ta sayar, abin da ke nuna cewa tsohon lissafin nan na mace ɗaya ta yi wa unguwa bai rushe ba har yanzu.

Masu cewa a koma yi a gida suna da hujjoji, kuma ba na raina su. Gari ya girma, mai saye bai san mai suya ba balle rijiyarta; akwai masu maimaita mai har ya yi baƙi, akwai masu dafa alale a cikin leda maimakon ganye ko gwangwani, akwai masu naɗe ƙosai mai zafi a tsohuwar takarda mai tawada. Wadda ta yi nata ta tsira daga waɗannan, kuma in gidan mai yawan baki ne ta fi samun arha. Amma babban haɗarin da ke cikin wake yana shiga tun kafin ya iso kasko, watau maganin ƙwari da wasu masu ajiya ke zuba masa a buhu, wanda yawansa ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya a 2015. Wannan bala'i bai bambanta uwargida da mai talla ba, tun da a rumfa ɗaya suka auna. Maganinsa yana wurin manomi da ɗan kasuwa, su riƙi buhunan nan masu ruɓi uku da masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, waɗanda ke toshe iska ƙwaro ya mutu ba tare da guba ba, hukuma kuma ta tsaya kan aikin hisba, ta duba abin da ake sayar wa mutane kamar yadda ake duba mudu da sikeli.

Akwai kuma wata fuska da nake so masu hali su duba kafin su yi alfahari da cewa ba su cin na waje. Matar da ke zaune gaban kasko tun asuba a Kpakungu ko Limawa, sau da yawa mijinta ya rasu ko ya tsufa ko albashinsa ya gaza, da wannan kasko take biyan kuɗin makaranta da na magani. Duk gidan da ya janye cinikinsa, daga bakinta ya janye. Ban ce a sayi abin da ba shi da tsafta don tausayi ba, kuma ba na kare tallar da ke hana yarinya karatu ta jefa ta hannun miyagu, domin tun da aka buɗe ilmin firamare na kowa da kowa a 1976 ya kamata a ce an raba faranti da lokacin aji. Abin da nake nufi shi ne a nemi mai tsafta a unguwa a san ta, a riƙe ta, in ta yi kuskure a gaya mata, kamar yadda iyayenmu suka yi. Kowane sabon abinci da ya karɓu a wurinmu ta wannan hanya ya bi: gurasa ta zama sana'ar gidaje a cikin birnin Kano, awara ta waken suya, wadda tsofaffinmu ba su tashi da ita ba, yanzu tana ciyar da gidaje masu yawa, kuma in hummus na farin wake da riɗi ya samu karɓuwa, ina kyautata zaton wata za ta ɗauke shi sana'a maƙwabta su huta.

Sabon abin da ya shigo yanzu shi ne garin wake da aka surfe aka busar aka niƙa aka ɗura a leda, wanda za a kwaɓa da ruwa kawai a soya ko a dafa. Yana rage aiki ƙwarai, ko da yake masu sanin ƙosai sun yarda cewa bai cika tashi kamar ƙullun ɗanyen markaɗe ba sai an bar shi ya jiƙu an kuma buga shi da kyau. Wannan gari shi ne karo na farko da sarrafa wake zai iya fita daga hannun matan unguwa baki ɗaya ya koma na masu manyan injuna, domin ba ya lalacewa da wuri kuma ana iya kai shi nesa. Mata da yawa sun riga sun fara yin nasu a gida suna sayarwa ta waya, amma manyan kantuna ba su karɓar kayan da ba shi da lambar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, kuma samun lambar yana bukatar wurin aiki na musamman da kuɗin rajista da mace ɗaya mai mudu biyar ba za ta iya ba. Da matan unguwa za su haɗa kai kamar yadda suke haɗa adashi, su kama ɗaki ɗaya da inji ɗaya da wurin shanya mai rufi, gwamnatin jiha kuma ta taimaka musu da rajista da rumfa a Kasuwar Kure, da garin da za a riƙa sayarwa a Minna ya fito daga hannun waɗanda suka gāji sana'ar.